Sau Biyu Na Ce A'a, Kuma Har Yau Ina Cocin

Ni haifaffiyar ƙasar Takum ce a jihar Taraba, a cocin CRCN, wato Christian Reformed Church of Nigeria, aka yi mini baftisma, a can kuma aka ɗaura mini aure. Da Hausa muka haddace Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma, har gobe kuma idan abu ya tsaya mini a rai da Hausa nake kai kuka gaban Allah. Aikin jinya ne ya kawo ni Amurka a ƙarshen shekarun 1990, maigida da yara suka biyo ni daga baya. Da muka sauka a wani gari mai tsananin sanyi a tsakiyar ƙasar, sai muka shiga neman cocin da sujadarsa ta fi kusa da ta gida. Muka dace da na Presbyterian, reshen babbar ɗarikar da ake kira PCUSA mai hedikwata a Louisville ta jihar Kentucky. Muryar waƙoƙinsu da yawa mun santa tun muna yara, wa'azi a natse, dattawa ke riƙe da ragamar ikilisiya. Muka ce alhamdu lillahi, mun samu wurin zama. Ashe gidan da muka shigo an daɗe ana tafka rigima a cikinsa, a kan ko masu zaman luwaɗi da maɗigo za su iya riƙe muƙamin coci.

Wanda ya saba da cocin da bishop ko babban fasto ke yanke magana zai yi mamakin yadda za a kwashe sama da shekara 30 ana jan zance ɗaya. A wannan ɗarika babu mutum guda mai wuƙa da nama. Kowace ikilisiya tana da majalisar dattawa da jama'a suka zaɓa. Ikilisiyoyin yanki ɗaya suna haɗuwa a majalisar gunduma, fastoci da dattawa tare, ƙuri'ar dattijo daidai take da ta fasto. A sama akwai Babban Taro na ƙasa baki ɗaya, wanda yanzu ake yi duk bayan shekara biyu. Ko Babban Taro ya yarda a canza kundin tsarin coci, canjin ba zai zama doka ba sai fiye da rabin gundumomi sun zauna ɗaya bayan ɗaya sun amince.

A da ɗarikar a rabe take gida biyu, arewa da kudu. Tun 1978 Babban Taron reshen arewa, kafin ya haɗe da na kudu a 1983, ya ce kada a keɓe wanda ke zaman luwaɗi ko maɗigo ya zama fasto ko dattijo ko dikon, wato mai hidimar kula da mabuƙata da marasa lafiya, ko da yake ƙofar zama ɗan ikilisiya a buɗe take gare shi. A 1996 taron Albuquerque ya nemi a rubuta ƙa'idar cikin kundi, gundumomi suka amince a 1997: duk mai riƙe da muƙamin coci ya yi aminci cikin auren namiji da mace, in ba shi da aure ya kame kansa. An yi ta yunƙurin cire wannan sashe, a 1998 da 2002 da 2009, duk gundumomi suka ƙi. Ni a lokacin ko a jikina. Aikin dare nake yi, ina fama da kuɗin haya da takardun zama.

A cocinmu akwai wata Baturiya mai shekaru, tsohuwar malamar makaranta, wadda bakina bai iya kiran sunanta gatsau ba, sai nake ce mata Anti. Ita ke riƙe da ɗakin da ake raba wa mabuƙata abinci, ita ke sanin wanda aka kwantar a asibiti kafin fasto ya ji. Gida ɗaya take zaune da wata mace tun kafin a haifi 'ya'yana. Kowa ya san yadda suke, babu mai faɗa. Aikin dikon take yi ba dare ba rana, amma saboda wancan sashe ba a taɓa ɗora mata hannu ba.

Da mahaifiyata ta rasu, takarduna ba su kammala ba, in na fita ƙasar ba ni da hanyar dawowa. Mutanen coci sun yi iya ƙoƙarinsu bisa al'adarsu. Kati da furanni suka yi ta zuwa, wasu su ajiye abinci a bakin ƙofa su juya, don a ganinsu mai baƙin ciki ya fi son a bar shi shi kaɗai. Ni kuwa gidan ya yi mini tsit har ina jin kamar zan haukace, don a wurinmu gidan rasuwa ba ya rabuwa da mutane. Anti ce ta tare maigida a harabar coci ta tambaye shi yadda muke makoki a gida. Washegari da safe sai ga ta. Ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta tarar da ni zaune a ƙasa, ta lallaɓa da gwiwarta mai ciwo ta zauna kusa da ni. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta cika ni da magana ba. Ta wuni, ta tafi, ta dawo, haka har ranar jana'iza. Ran nan ta zo da katin waya a jakarta, ta yi ta danna lambobi har layi ya shiga, wani ƙanena ya ɗaga waya a bakin kabari na ji matan zumunta suna rera wa Mama waƙar ban kwana. Hannuna yana cikin na Anti har aka gama.

Bayan wasu shekaru ikilisiya ta zaɓe ni cikin majalisar dattawa. A cocin da na girma dattawa duk maza ne, ko da yake tun muna yara ake ba mu labarin Johanna Veenstra, macen da ta zauna a Lupwe tana shelar bishara a ƙasarmu har rasuwarta a 1933. A nan kuwa tun 1930 reshen arewa ya yarda mace ta zama dattijuwar ikilisiya, a 1956 aka keɓe Margaret Towner, mace ta farko da ta zama fasto a cikinsu. Ranar da aka keɓe ni na durƙusa, hannaye suka sauka a kaina da kafaɗuna, na ɗauki alkawari a gaban jama'a cewa zan bi tsarin cocin, zan zama abokiyar waɗanda muke aiki tare, zan nemi salama da ɗayantaka da tsarkin ikilisiya. Abu uku ne a jere cikin alkawari ɗaya. Ban daɗe ba na ga ranar da kowannensu ya ja ni gefensa.

A 2010 Babban Taron Minneapolis ya sake aiko da gyara, wanda aka sa wa lamba 10-A. Ya cire maganar aminci cikin auren namiji da mace, ya bar wa majalisar da za ta keɓe mutum ta bincike shi da kanta ta yanke hukunci. Aka tura ni wakiliya zuwa zaman gundumarmu. Na yi azumi, na buɗe Littafi. Na karanta Farawa 2:24, na karanta yadda Yesu da bakinsa ya maimaita ta a Matiyu 19, na karanta Romawa 1 da 1 Korintiyawa 6. Na kuma saurari 'yan'uwan da ke ɗaya gefen, don ba mutanen banza ba ne, sun san Littafi, wasunsu sun fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Suna kawo Ayyukan Manzanni 10 da 15, yadda Bitrus ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko a gidan Karniliyus, ikilisiya ta buɗe wa al'ummai ƙofa. Suna tuna mana cewa wannan ɗarika ta tsage a 1861 lokacin yaƙin basasa, kuma akwai fastocin da suka kare mallakar bayi da ayoyi. Wata ta dube ni ido cikin ido ta ce kujerar da nake kai ma an taɓa cewa 1 Timoti 2:12 ta haramta mini ita. Wannan ta shige ni, na daɗe ina juya ta. Abin da na tarar shi ne, a kan shugabancin mace Littafi da kansa ya ba ni Debora da Hulda da Fibi da Biriskila. A kan kwanciyar namiji da namiji ko mace da mace kuwa, na duba ban samu wurin da aka sa mata albarka ba. Na tsaya a kan a'a.

Ban yarda Anti ta ji daga bakin wani ba. Na same ta a kicin ɗin coci tana jera gwangwanayen wake a kwali. Na ce, "Anti, ranar Asabar zan je taron gunduma, kuma a'a zan ce." Ta ajiye gwangwanin da ke hannunta, ta ɗan yi shiru. Ta ce ta sani, kuma abin ya yi mata zafi, ba za ta ɓoye mini ba. Ta ce shekarunta a cocin nan sun fi nawa a duniya, amma har yau ana taruwa ana kaɗa ƙuri'a a kan ko ta cancanci ɗaukar faranti. Ban da amsar da zan ba ta. Hawaye ya zubo mini. Sai ta turo mini kwali ta ce in kama mata, mabuƙata suna jira a waje. Muka ɗauka tare.

Ranar taron an kafa makirfo biyu a tsakiyar majami'a, ɗaya na masu goyon baya, ɗaya na masu adawa, ana ba kowa ɗan lokaci kaɗan, wannan ya yi magana wancan ya amsa. Wani tsohon fasto ya tashi hannunsa na rawa ya ce ɗansa ya bar coci ya bar addu'a saboda wannan sashe, kuma yana so ya ga ɗan ya dawo kafin ya mutu. Wani dattijo manomi ya ce shi bai iya dogon Turanci ba, amma abin da ya yi alkawarin bi ranar keɓewarsa bai canza ba. Ni ma na je makirfo. Na ce ina magana ne da tunanin ikilisiyoyin da mishan suka kafa a ƙasashenmu, waɗanda aka miƙa musu Littafin nan aka ce su riƙe shi da gaske, suka riƙe, wasu har da jininsu. Aka raba takarda, aka yi addu'a, kowa ya rubuta. Kafin a faɗi sakamako shugaban zaman ya roƙi kada kowa ya tafa. Masu e suka yi rinjaye. Babu wanda ya tafa. Na ga mutane suna share hawaye a layin da ya ci da layin da ya faɗi.

Ran 10 ga Mayu 2011 gundumar Twin Cities a Minnesota ta zama ta 87 cikin 173 da ta amince, gyaran ya fara aiki a watan Yuli. A Oktoba aka keɓe Scott Anderson a Madison ta jihar Wisconsin, mutumin da ya ajiye aikin fasto a 1990 bayan an tona asirinsa. Tun a watan Agusta cocin Presbyterian na ƙasar Meziko ya yanke zumuncin shekara 139 da PCUSA. A Janairun 2012 masu ra'ayi irin nawa suka taru a Orlando suka kafa sabuwar ɗarika mai suna ECO, ikilisiyoyi suka fara ficewa, wasu zuwa can, wasu zuwa EPC, wata ɗarikar Presbyterian da ta riga ta kafuwa. Fitar kuma ba ta da sauƙi, don kundin ya ce ginin kowace ikilisiya amana ce da take riƙe wa ɗarika. Babban cocin Menlo Park a Kalifoniya sai da ya biya kusan dala miliyan 9 kafin ya fita da gininsa a 2014, na Highland Park a Dallas ya biya dala miliyan 7.8. Kuɗin baiko ne, na gwauraye da masu aikin dare irina, ya tafi wajen sasanta 'yan'uwa da 'yan'uwa. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, kuma ban ɗora laifin a gefe ɗaya ba.

Guguwar ta iso cocinmu. Aka kira taron ikilisiya a kan ko mu fita. Masu son fita sun ɗauka ina aljihunsu, tunda kowa ya ji abin da na faɗa a gunduma. Na ce musu zan zauna. Ba su kai adadin da ake buƙata ba, sai suka tattara suka tafi, suka fara sujada a zauren wasanni na wata makaranta. Rabin mawaƙa suka bi su, da matar da ta koya mini tuƙi, da malamin da ya koyar da 'ya'yana a makarantar Lahadi. Maigida ma ya bi su. Ya ce mini, "Maman yara, ni ba zan iya zama ƙarƙashin wannan tsari ba, amma ba zan tilasta miki ba." Mutum ne mai tsoron Allah, ban taɓa ganin laifinsa a kan haka ba. Tun daga lokacin mota biyu ke fita daga gidanmu ranar Lahadi, mu haɗu a tebur da rana kowa ya faɗi ayar da aka yi wa'azi a kai.

Shekarar 2014 ta fi kowace nauyi. A Janairu Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi a Najeriya. A watan Yuni Babban Taronmu a Detroit ya ba fastoci izinin ɗaura irin wannan aure a jihohin da doka ta yarda, ya kuma amince da ƙuri'a 429 da 175 a sake fasalin aure a kundi ya zama tsakanin mutum biyu, bisa al'ada namiji da mace. Shekara biyu kacal kafin nan, a Pittsburgh, irin wannan gyara ya faɗi da 338 da 308. Labari ya kai gida kafin in kai ga cire takalmi. Yayana ya kira ni ya ce, "Ƙanwata, me nake ji haka? Zama da maɗaukin kanwa fa shi ke kawo farin kai. Ki fito daga cikinsu." Na ce, "Yaya, ra'ayina bai canza ba, kuma da gyaran ya iso gundumarmu a'a zan sake cewa." Haka kuwa na yi. Ran 17 ga Maris 2015 gundumar Palisades a New Jersey ta cika adadin, gyaran ya fara aiki ran 21 ga Yuni, kwana biyar kafin Kotun Ƙolin Amurka ta halatta auren jinsi a ƙasar baki ɗaya.

Amma na faɗa wa Yaya wata magana da bai ji daɗinta ba, kuma zan maimaita ta a nan. Yadda ake zancen mutanen nan a gida, a majalisa da Facebook, wani lokaci har a kan bagadi, a kama su, a ɗaure su, a kashe su, ni ba na cikinsa. Wanda ya karanta Romawa 1 ya ci gaba zuwa farkon sura ta 2, inda Bulus ya juyo kan mai yanke wa wani hukunci. Jerin da ke 1 Korintiyawa 6 ya haɗa da masu haɗama da mashaya da masu zage-zage da mazambata, ban kuwa taɓa jin an nemi a ɗaure mai haɗama shekara 14 ba. Duk wanda ya ce a jefe su, fuskar Anti nake gani zaune a ƙasan ɗakina. 'Yata, wadda a nan ta girma kuma ra'ayinta ya saɓa da nawa gaba ɗaya, ta taɓa tambayata, "Mama, in da ni ce fa?" Na ce mata da ba zan ce miki daidai ne ba, kuma da babu abin da zai hana ki cin tuwo a gidan nan har in mutu.

Abin da ya zaunar da ni a cocin, da farko alkawarin da na ɗauka ne. Ban yi alkawarin zama sai ranar da ƙuri'ata ta yi nasara ba. Su Anti sun sha kaye a 1997 da 2002 da 2009, ba su tafi ba, suka ci gaba da share majami'a da ba da baiko ƙarƙashin dokar da ta hana su muƙami. Da juyi ya zo kaina ban ga dalilin da zai sa in kasa irin haƙurin da suka yi ba. Sannan kundin bai tilasta wa kowa ba. Ya rubuta ƙarara cewa ba za a matsa wa fasto ya ɗaura auren da lamirinsa bai yarda da shi ba, ba kuma za a matsa wa majalisar dattawa ta ba da majami'a. Tushen wannan tsohuwar magana ce daga Shaidar Bangaskiya ta Westminster, cewa Allah kaɗai ne Ubangijin lamiri. A kanta na jingina.

Da aka kawo sunan Anti don zama dikon, na faɗi ra'ayina a majalisa, aka rinjaye ni. Ranar keɓewarta da aka kira dattawa su fito su ɗora hannu, na zauna a kujerata ina yi mata addu'a. Ta gani, mun kuma yi maganar daga baya, babu wadda ta yi wa 'yar'uwarta ƙarya. Ɗaurin aurenta da abokiyar zamanta ban je ba. Yanzu tsufa ya kama ta, ba ta iya fitowa. Tsarinmu ya yarda dattawa da dikononi su kai Jibin Ubangiji gidan marasa ƙarfi bayan sujada, ni ce kuma na fi yawan kai mata. Ina shimfiɗa farin ƙyalle a kan ɗan teburin da ke gefen gadonta, in miƙa gurasa gare ta da abokiyar zamanta, in ce jikin Almasihu ne da aka bayar dominku. Ban taɓa jin hannuna ya yi nauyi ba, don ba ni na gayyace su teburin ba, ni ma gayyatata aka yi.

Ɗarikar ta rame. Lokacin haɗewar 1983 mutanenta sun haura miliyan 3, a 2024 kaɗan suka ɗara miliyan 1. Masu ra'ayina suna cewa sakamakon barin Littafi ke nan. Ficewar ikilisiyoyi ta rage mu ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma raguwar ta fara tun shekarun 1960, kuma jana'iza ta fi baftisma yawa a cocinmu tun kafin a taɓa kundin. Ba na son a riƙa amfani da lissafin nan kamar sanda.

Abin da ke damuna yanzu shi ne gyare-gyaren da Babban Taron Salt Lake City ya aiko a 2024, gundumomi suka amince a 2025. Ɗaya ya ƙara batun jinsi da wanda mutum ke sha'awa cikin jerin abubuwan da ba za a nuna wa kowa bambanci a kansu ba. Ɗayan ya ce a riƙa tambayar duk mai neman keɓewa a kan wannan ƙa'ida, tare da tsoffin ƙa'idojin da suka haɗa da 'yancin lamiri. Masu goyon baya sun ce tambaya ce kawai, ba tarko ba ne, kuma na yarda da niyyar da yawa daga cikinsu. Tsorona shi ne wata majalisa ta mai da tambayar ƙofar da za a rufe wa masu fahimta irin tawa, yadda aka taɓa rufe wa su Anti.

Akwai wani saurayi a cocinmu, iyayensa baƙi ne daga Afirka kamar mu, yana gab da gama makarantar tauhidi. Fahimtarsa a kan aure irin tawa ce, kuma shi ne ke tuƙa ni gidan Anti idan dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Nan ba da jimawa ba zai tsaya gaban majalisar gunduma a yi masa tambayoyi. Na roƙi majalisar dattawanmu ta tura ni wakiliya ranar, sun kuma amince.